Littafi Ɗaya A Hannu Dubu: Yadda Tashoshin Kuɗin Kirifto Ke Daidaita Lissafinsu

Maiduguri. Ranar 26 ga watan Fabrairu na 2023, kashegarin zaɓen shugaban ƙasa, aka wayi gari gobara ta lashe babban sashe na kasuwar Monday Market da ke nan Maiduguri. Ba a cika shekara biyu ba, ranar 10 ga Satumba na 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale unguwanni da dama, har ya shiga kasuwar. Wuta da ruwa kuwa ba su san bambancin bandir ɗin shadda da littafin bashi ba. Kaya idan ya ƙone ana iya saro wani. Amma littafin da aka rubuta wane ya karɓi kaza, wane ya biya rabi, idan ya tafi, sai dai a dogara ga tsoron Allah na wanda ake bi da kuma ƙarfin tunanin mai kaya.

Masu tallata kuɗin kirifto, irin su Bitcoin, sukan kafa hujja da irin wannan hasara. Sukan ce nasu littafin ba ya ƙonewa, ba ya jiƙewa, domin kwamfutoci dubbai a ƙasashe dabam-dabam kowace tana riƙe da kwafinsa. Wannan magana gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Duk wanda ya taɓa riƙe shago biyu, ɗaya a Tashar Baga ɗaya a Kano, ya san cewa da zarar littafi ya zama biyu an sami sabon aiki, watau zama a gwada su har su yi daidai. To, ina ga littattafai dubbai, a hannun mutanen da ba su san juna ba, kuma babu wani babban akawu a samansu? Yadda ake wannan daidaitawa, da yadda aka yi ta sake fasalinta tun daga 2009, shi ne darasinmu na wannan fitowa.

Abin ya shafi aljihun mai karatu kai tsaye. Kamfanin Chainalysis, mai bin diddigin wannan kasuwa, ya sanya Nijeriya a matsayi na biyu a duniya, bayan Indiya, wajen amfani da kuɗin kirifto, a rahotonsa na 2023 da na 2024. Babban Bankin Nijeriya, wanda ya hana bankuna hulɗa da masu wannan harka ranar 5 ga Fabrairu na 2021, ya sassauta cikin Disamba na 2023, sa'an nan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya irin waɗannan kadarori ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Wanda ke sayo kaya daga Dubai ko Sin, ko kuwa yake ciniki tsakanin naira da sefa ta Gamboru-Ngala da Banki, ko ba daɗe ko ba jima wani zai ce masa, "Alhaji, in tura maka ta kirifto?" Kafin ya saki kaya, akwai tambayar da ta wajaba a kansa: wannan waya da ta ce an biya, daga littafin wa ta karanto, kuma littafin na yaushe ne?

Yadda littafin yake

An buɗe littafin Bitcoin ranar 3 ga Janairu na 2009, bisa tsarin da wani mai amfani da sunan Satoshi Nakamoto ya bayyana cikin wata maƙala a ƙarshen Oktoba na 2008. Ba a shigar da ciniki ɗaya-ɗaya. Ana tara su ne a rufe su cikin shafi guda, wanda masu sana'ar ke kira bulok, kuma a matsakaicin lissafi ana rufe shafi ɗaya kowane minti goma, watau kimanin 144 a yini. Masu rufe shafin su ne ake kira masu haƙa, waɗanda ke gasa da juna ta wani lissafi mai cin wutar lantarki ƙwarai. Wanda ya riga warware shi, nasa shafin ake karɓa.

Kowane shafi yana da kai, watau ɗan gajeren bayani na bait 80, wanda bai kai tsawon saƙon waya ɗaya ba. A cikin kan akwai lokacin rufewa, da shaidar aikin da mai haƙa ya yi, da hatimin cinikin da ke cikin shafin, da kuma hatimin shafin da ya gabace shi. Hatimi a nan wata doguwar lamba ce da ake fitarwa daga rubutun kansa, ta yadda idan aka canza ko ɗigo ɗaya a rubutun, lambar ta canza gaba ɗaya. Saboda haka shafukan a sarƙe suke kamar salsalar gidan sarauta, wane ɗan wane, wane ya gaji wane. Ba a iya cusa baƙo a tsakiya ba tare da an rushe duk abin da ya biyo baya ba.

Kwamfutar da ke riƙe da littafin, tana kuma binciken kowane shafi da kanta, ita ce ake kira nod. Mu a nan za mu kira ta tasha. Tasha ba ta magana da duniya duka. Manhajar Bitcoin Core, wadda mafi yawan tashoshi ke aiki da ita, takan nemi takwarori goma ta ƙulla hulɗa da su, takwas don musayar labarin ciniki da shafuka, biyu don shafuka kaɗai. Idan mai ita ya bar ƙofa a buɗe, wasu ma suna iya zuwa gare ta, har jimilla ta kai 125. Labari yana yaɗuwa ne yadda farashin wake ke yaɗuwa ranar kasuwa, baki zuwa baki, sai dai kowace tasha tana tantance abin da ta ji kafin ta isar da shi gaba. Cinikin da aka sanar amma bai shiga shafi ba tukuna, yana zaune ne a wani wuri da za mu kira zauren jira. Idan kuwa masu haƙa biyu suka rufe shafi lokaci guda, littafi ya yi reshe biyu, doka ita ce a bi reshen da aka fi zuba aiki a kansa, a yar da ɗayan.

Daren da littafi ya rabu biyu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan maganar reshe tatsuniya ce. Ranar 11 ga Maris na 2013 wani mai haƙa ya rufe shafi mai lamba 225,430, wanda ya ƙunshi ciniki masu yawa fiye da yadda aka saba. Tashoshin da suka koma sabuwar manhaja, mai lamba 0.8, suka karɓe shi. Waɗanda ke kan tsohuwa kuwa suka ƙi, ba don shafin ya karya wata doka da aka rubuta ba, sai don ma'ajiyar bayanan tsohuwar manhajar tana da wata iyaka da ba wanda ya lura da ita. Sa'o'i da dama aka yi ana rubuta littafi biyu, kowane ɓangare yana ganin nasa ne na gaskiya. Sai da manyan masu haƙa suka yarda suka koma tsohuwar manhaja, aka yar da shafuka 24 na ɗaya reshen, sa'an nan aka sake haɗewa. A cikin wannan ruɗani wani mutum ya iya kashe kuɗi ɗaya sau biyu, na kimanin dala 10,000, a hannun wani kamfanin biyan kuɗi. Kamfanin ya ga shaidar biya a littafin da ke gabansa, amma littafin ne aka yar.

Wannan shi ne haɗarin da dukkan tsarin ke ƙoƙarin kaucewa, watau a sayar da akuya ɗaya ga mutum biyu. Daga nan ne kuma al'adar jiran shafi shida ta sami ƙarfi: idan an shigar da cinikinka a shafi, ka jira a ɗora wasu biyar a kansa, kimanin awa ɗaya ke nan, domin ƙaruwar shafuka a bisa naka ita ce ke ƙara tsadar warware shi.

Gyare-gyaren da aka yi

Tsarin farko na sabuwar tasha mai wahala ne. Takan kama takwara guda ta ce ya riƙa ba ta shafuka daga na farko, jeri bayan jeri. Idan takwaran mai rarraunan layi ne, haka za ta zauna tana jiransa. Idan maƙaryaci ne, ba za ta gane ba sai ta gama shan wahalar sauke abin da ya ba ta. Cikin Fabrairu na 2015, a manhaja mai lamba 0.10, aka juya tsarin, bisa aikin da Pieter Wuille, wani injiniya ɗan ƙasar Beljiyam, ya jagoranta. Yanzu tasha takan fara karɓar kawunan shafuka ne kaɗai, dubu biyu a kowane saƙo. Da yake kowane kai bait 80 ne, na shekara guda bai wuce megabait 4.2 ba, na shafuka 800,000 kuwa megabait 64 ne, abin da bai kai ɗan gajeren fim na waya ba. Da waɗannan kawuna tasha ta san salsalar gaba ɗaya, ta san hatimin kowane shafi tun kafin ta gan shi. Daga nan sai ta raba aikin ga takwarorinta, wannan ya kawo shafuka kaza, wancan ya kawo kaza, kuma duk wanda ya kawo jabu hatimi zai tona shi nan take. Kamar mai karɓar kaya ne da takardar lodi ta riga isowa hannunsa: kowace mota ta zo, ya san abin da ya kamata ya gani a cikinta.

Wannan ya sauƙaƙa wa mai shigowa. Saura mai zama a ciki, wanda sabon shafi ke iske shi kowane minti goma. A 2013 wasu masana biyu na jami'ar ETH da ke Zurik, Christian Decker da Roger Wattenhofer, suka auna saurin yaɗuwar shafi, suka tarar rabin tashoshi sukan same shi cikin daƙiƙa shida da rabi, amma bayan daƙiƙa arba'in akwai kashi biyar cikin ɗari da bai kai gare su ba. Mai karatu zai ce, mene ne daƙiƙa arba'in? A wajen mai haƙa kuɗi ne, domin duk daƙiƙar da ya yi yana gini a kan tsohon shafi, wutar da ya ƙona ta tafi a banza. Babban mai haƙa kuma, wanda shi ne ya fi yawan rufe shafi, ba ya jiran labarin shafin da shi da kansa ya rufe. Ashe jinkirin labari haraji ne da ƙanana ke biya wa manya, kamar yadda ɗan kasuwar ƙauye ke sayarwa a kan farashin jiya.

Maganin da Matt Corallo ya kawo, wanda ya shiga manhajar cikin Agusta na 2016, ya dogara ne ga wata lura mai sauƙi. Yawancin cinikin da ke cikin sabon shafi, tasha ta riga ta gan su a zauren jira. Don me za a sake aiko mata da su? Sai a aiko da kan shafin tare da gajerun lambobin cinikin, kowace bait shida, ita ta harhaɗa shafin da abin da ke hannunta, ta nemi 'yan kaɗan da ta rasa. Shafi mai ciniki 2,500, wanda ya haura megabait ɗaya, ana iya sanar da shi da kimanin kilobait 15.

Gyara na gaba shi ne ya fi burge marubucin wannan darasi, domin dabara ce da akawun da ya ƙware zai gane nan da nan. A tsarin da aka saba, tasha tana sanar da kusan kowane takwara labarin kowane sabon ciniki, alhali yawancinsu sun riga sun ji daga wani wuri. Kowa na faɗa wa kowa abin da kowa ya sani, kuma data ake ƙonawa. A 2019 Gleb Naumenko da abokan aikinsa suka gabatar da wani tsari mai suna Erlay, wanda a cikinsa tashoshi biyu za su gano bambancin da ke tsakanin jerinsu ba tare da karanta wa juna jerin ba. Ga misali. A ce akawun Kano yana da rasit huɗu masu lamba 12, 27, 40 da 55, na Maiduguri kuwa yana da uku, bai san wanne ya ɓace masa ba. Maimakon na Kano ya karanto duka, sai ya ce, "Jimillar lambobina 134." Na Maiduguri ya haɗa nasa ya sami 107, ya ɗebe, ya ga 27. Da lamba ɗaya ya san rasit ɗin da zai nema, kuma da rasit ɗin dubu goma ne, lamba ɗayar dai ta isa. Idan abin da ya ɓace ya fi ɗaya, ana ƙara wasu jimilloli na musamman, amma girman saƙon yana bin yawan bambancin ne, ba yawan jerin ba. Masu wannan tsari sun ƙiyasta zai rage wa tasha kimanin kashi 40 cikin ɗari na datar da take ci, ya kuma ba ta damar ƙara takwarori ba tare da kuɗin ya ninka ba. A 2022 aka shigar da matakinsa na farko cikin manhajar, watau yadda tashoshi biyu za su shaida wa juna cewa sun iya wannan yare. Shekara uku ke nan daga maƙala zuwa gaisuwa kawai. Bayan abin da ya faru a 2013, masu kula da manhajar ba sa gaggawar taɓa wannan fanni, kuma a ganina suna da hujja.

Nauyin tarihi

Akwai wata matsala da babu dabarar da ta kawar da ita, watau littafin ƙaruwa yake yi kullum. Ya wuce gigabait 500 cikin 2023, ya wuce 600 cikin 2024. Wanda zai kafa sabuwar tasha yana fuskantar kuɗi iri uku: na datar saukewa, na ma'ajiyar da zai zuba littafin, da na lokacin da kwamfuta za ta yi tana bincike da wuta a kunne. Yana da kyau ɗan kasuwa ya san wanne kowane gyara ya rage, domin masu talla sukan cakuɗa su.

Tun 2015 ana iya sa tasha ta riƙa share tsofaffin shafuka bayan ta bincike su, ta bar na baya-bayan nan kaɗai, da jerin kuɗin da ba a kashe ba tukuna, wanda shi ne ragowar kowa. Wannan ya rage kuɗin ma'ajiya, amma sai an sauke littafin duka kafin a share. A 2017 aka ƙara wani sassauci, inda tasha ke tsallake binciken sa hannu a tsofaffin shafukan da aka daɗe da tabbatarwa. Wannan lokaci ya rage. Sa'an nan akwai shawarar da James O'Beirne ya kawo a 2019, wadda ta fara aiki a kan ainihin littafin cikin Oktoba na 2024. A wannan tsari sabuwar tasha tana iya ɗaukar hoton ragowar kowa kamar yadda yake a shafi na 840,000, wanda aka rufe cikin Afrilu na 2024, ta gwada shi da hatimin da aka rubuta cikin manhajar, ta fara aiki daga nan, tana kuma bin tsohon tarihi sannu a hankali a bayan fage. Kamar sabon manaja ne da ya karɓi shago a kan ragowar da mai binciken lissafi ya sa wa hannu, ya buɗe ƙofa yau, yana duba tsofaffin littattafai da dare. Ya sami lokaci, amma datar da zai biya tana nan yadda take. Haka kuma kafin ya gama dubawa, amana ya ɗauka daga waɗanda suka rubuta hatimin.

A nan ne ilimin tattalin arziki ke da abin cewa. Mai haƙa ana biyansa, amma mai riƙe da tasha ba wanda ke ba shi ko kwabo. Tasha kamar rijiyar unguwa ce, kowa na ɗiba, ba mai son yasa. Muddin kuɗin riƙe ta na hawa, masu riƙewa za su ragu, su tattaru a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa kuma data ke da araha, sauran duniya su zama masu jin labari daga bakinsu. Duk waɗannan gyare-gyare, idan aka tattara su, ƙoƙari ne na kada hakan ta faru. Ba kuma aikin Turawa ne kaɗai ba. Olaoluwa Osuntokun, mai asali daga Nijeriya, yana cikin waɗanda suka tsara a 2017 hanyar da ƙaramar waya za ta gano cinikin da ya shafe ta ba tare da ta tona wa kowa lambobin asusunta ba. Abubakar Nur Khalil, ɗan Nijeriya mai ba da gudummawa ga manhajar Bitcoin Core, yana cikin mutum huɗu da aka naɗa a 2021 su jagoranci asusun Btrust na horar da injiniyoyin Afirka.

Idan layi ya yanke

Garinmu ya san yankewa fiye da yawancin garuruwa. Bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a jihohin Borno, Yobe da Adamawa cikin Mayu na 2013, an rufe layukan wayar salula, Maiduguri ta yi watanni ba ta jin kowa. Cikin Janairu na 2021 aka rushe turakun wutar lantarki a hanyar Damaturu, aka gyara cikin Maris, aka sake rushe su bayan 'yan kwanaki, garin ya koma hannun janareta da sola; tashar wutar gas ta gaggawa mai megawat 50 sai a Maris na 2023 aka buɗe ta. Jihar Zamfara ta ga nata rufe layi a Satumba na 2021. Ranar 14 ga Maris na 2024 kuma manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu.

Me ke faruwa da tasha a irin wannan hali? Ba ta lalacewa, kuma kuɗin mai ita ba ya ɓacewa. Tana tsayawa ne a shafin ƙarshe da ta gani, alhali duniya na ci gaba da rubutu. Yankewar kwana sittin shafuka 8,640 ke nan. Idan kowane ya kai megabait ɗaya da rabi, kimanin gigabait 13 za ta sauke kafin ta cim ma sahu. Wannan mai yiwuwa ne. Haɗarin yana cikin tsakanin. A ce akwai tashoshi goma a cikin gari da ke iya jin juna amma ba sa jin waje. Wani ya aiko wa mai banda kuɗin kwali arba'in, tashoshin goma duka suka nuna cinikin a zauren jira. Mai kaya ya ga alama a waya, ya sa aka yi lodi. Alhali kuwa abokin mai sayen, da ke Njamena inda layi ke aiki, ya riga ya tura wannan kuɗi wani wuri, an kuma rufe shafi a kansa. Ranar da layi ya dawo, tashoshin gari za su karɓi shafukan duniya, su share cinikin mai banda ba tare da sallama ba. Ko babu ha'inci ma, cinikin da ya yi mako biyu a zauren jira bai shiga shafi ba, tasha takan zubar da shi. Wannan ɗan'uwan alat ɗin bogi ne da 'yan kasuwa suka sha fama da shi, musamman lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023.

Ana ma iya yi wa tasha irin wannan yankewa da gangan. A 2015 Ethan Heilman da abokan aikinsa suka nuna yadda maƙetaci zai iya mamaye dukkan takwarorin tasha guda, ya zama duk wanda ta tambaya yaronsa ne, kamar baƙon da dillalai suka haɗa baki suka kewaye shi a kasuwar shanu. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a 2019 aka ƙara takwarorin nan biyu masu kawo shafuka kaɗai, waɗanda ke da wuyar ganowa, kuma tasha idan ta yi rabin awa ba ta ji sabon shafi ba takan nemi wani sabon takwara ta tambaya. A 2024 aka fara rufe zancen da ke tsakanin tashoshi da asiri ba tare da sai mai tasha ya nema ba, don kada mai layi ya riƙa saurare cikin sauƙi. Tun 2017 kuma kamfanin Blockstream ya fara watso shafukan ta tauraron ɗan'adam, har da sararin Afirka, ta yadda mai dish da sola zai iya bin littafin ko babu layin ƙasa. Sai dai wannan ji ne kawai. Aikawa tana bukatar wata hanya.

Gaskiyar magana, ɗan kasuwa ɗaya cikin masu yawa ne zai kafa tasha. Yawanci lalitar waya suke amfani da ita, ko asusu a wani kamfanin canji, kuma abin da suka fi karɓa ba Bitcoin ba ne, USDT ne, sau da yawa a kan littafin Tron. Shi wannan littafi ana rufe shafinsa kowace daƙiƙa uku, abin da ya sa ciniki ke sauri, amma wakilai 27 ne kacal ke rufe shafukan. An sayi sauri ne da rage yawan masu riƙe alƙalami. Wanda ke da asusu a kamfanin canji kuwa, abin da yake gani a waya littafin kamfanin ne, ba littafin duniya ba, kamar yadda waɗanda ke hulɗa da Binance suka gani a Maris na 2024 lokacin da ya daina harka da naira. Babu laifi mutum ya dogara ga wani, ai kasuwancin Borno da Chadi da Kamaru a kan amana aka gina shi tun kafin a san banki. Abin da ake so shi ne ya san ga wa ya dogara.

Saboda haka hoton da mai saye ya turo ba shaida ba ne. Mai kaya ya nemi lambar cinikin, ya duba ta da wayarsa, a kan layinsa, a wurare biyu da ba na kamfani ɗaya ba. Ya duba lokacin shafin ƙarshe da lalitarsa ta gani: a littafin Bitcoin, idan ya haura awa biyu, ya ɗauka ita ce ta makara, ba duniya ba. Ya duba yawan shafukan da aka ɗora a kan nasa, ya daidaita jira da girman kuɗi, domin abin da ya isa ga buhun albasa ɗaya bai isa ga tirelar shanu ba. Ranar da layi ke ɗaukewa yana dawowa, kada kaya su fita a kan ciniki mai zaman jira. Ƙungiyar 'yan kasuwa mai mambobi da yawa kuwa tana iya riƙe tasha guda a ofishinta, da ƙaramar kwamfuta da batirin sola, mambobi su riƙa tambayarta maimakon su tambayi baƙo.

Littafin nan kuma, duk da kwafinsa dubbai, iyakar abin da yake rubutawa shi ne kuɗi kaza ya tashi daga wannan lamba zuwa waccan. Ba ya cewa na kwali arba'in na banda ne, ba ya cewa saura rabi sai bayan Salla, ba ya ambaton sunan kowa. Wannan bayani har yanzu a rasit yake. A rubuta lambar cinikin da lambar shafin a jikinsa, mai saye da mai sayarwa su sa hannu, kwafi ɗaya ya kwana a shago, ɗaya a gida.